Idanun Maganin Kuka

A gidan rainon da nake wanki, ɗakin jarirai shi ne na ƙarshe, tagarsa tana kallon igiyar shanya. Don haka duk abin da ake yi a ciki ina gani, ko ina so ko ba na so, kuma gaskiya ina so. Mata ma'aikata ne ke kawo 'ya'yansu da safe, su dire mana su da jaka da fida, su ruga wurin aiki, sai yamma su dawo suna tambayar ina safa ɗaya ta shiga. Ni aikina nafkin ne da tawul da zanin gado. Ita kuwa aikinta kuka ne.

Sunan da iyayen yara suka laƙaba mata ke nan, Maganin Kuka, har ya bi ta unguwa. Ni Yaya nake ce mata, ba don mun haɗa uwa ko uba ba, sai don ta girme ni, kuma ita ta samo mini aikin. A gidan hayar da muke, bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nata, irin bangon da in ta yi tari sai in ce mata sannu ta amsa.

Kowace mai raino da dabararta. Wata waƙa, wata jijjiga, wata ta cusa wa yaro fida ko yana jin yunwa ko ba ya ji. Yaya ba ta waƙa, muryarta sai dai a yi haƙuri. Abin da take yi shi ne ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta ɗora yaro a cinya yana fuskantarta, ta tallabi ƙeyarsa da hannu biyu, ta kawo fuskarta dab da tasa ta dube shi. Ba ta cewa uffan. Yaro zai yi ta tsala ihu, ya buɗe ido ya gan ta, ya rufe ya ƙara, ya sake buɗewa ya tarar tana nan. Sai kukan ya fara karyewa, ya koma ajiyar zuciya, shi ma ya kama kallonta. Na taɓa tambayarta me take tofa musu.

Ta ce, "Me zan tofa? Yaro yana kuka ne don ya ga kowa sauri yake. Ni kuma ba inda za ni."

Ita ce babba a ɗakinsu, uwarsu kuma ba isasshiyar lafiya, don haka ta fara goyon ƙanne tun bayanta bai isa goyo ba. Ta auri wani mai gyaran famfo, mutum mai yawan dariya, wanda famfon gidansa ne kaɗai ke ɗiga a layin. Bai yi tsawon rai ba. Ya bar ta da ɗa guda, ta shiga gidan rainon nan tun yana ɗaki ɗaya da tabarma. Da wannan aikin ta ciyar da yaron, ta sa shi makaranta, har ya samu aiki a wani gari mai nisa ya yi aure a can. Ya yi gemu ya yi tumbi, amma a bakinta har gobe "yaron nan" ne.

Ta reni 'ya'yan mutane ba adadi, wasu har sun dawo suna kawo mata nasu. Burinta guda ne, kuma ba ta ɓoye shi. In muna ninkin kaya sai ta ce, "Ke dai Allah ya nuna mini na yaron nan. In ɗora shi nan, in dube shi, ya dube ni. Daga nan duk abin da zai zo ya zo."

Abin da ya zo kuwa ba shi muke jira ba.

Da jiki ya fara. Yaya ta kama rama alhali tana cin abinci kamar mai aikin gini. Ana sanyi kowa ya lulluɓa, ita tana sharce gumi tana ƙure fanka. In za ta haɗa madara, cokali na rawa a hannunta, rabi a fida rabi a tebur. Ta ce mini ƙirjinta bugawa yake kamar an biyo ta da gudu. Sai kuma faɗa. Matar da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ran nan a kan bokiti ta wanke ni tas a gaban 'yan matan da ke taya ta raino. Ni kuwa ba a taɓa ni in kwana da abin, na mayar mata da ribarsa. Muka yi kwana biyu in ta yi tari ba na cewa sannu.

A cikin wannan hali ɗanta ya kawo mata matarsa su kwana biyu. Yarinya ce mai kunya, ta shigo da ladabinta. Iska ta taso, yarinyar ta tashi don ta burge surukarta, ta ja taga ta rufe. Sai na ji muryar Yaya ta bango.

"Wa ya aike ki? Dafa ni kike son yi a ɗakina?"

A lokacin idon ya riga ya fara buɗewa, ko da yake ba mu lura ba, mun ɗauka rama ce. Yarinya ta yini tana ganin ana binta da kallo, in ta ɗauki kofi, in ta ajiye. Da Yaya ta fita shago, na ji su suna ƙus-ƙus.

"Mamarka ba ta ƙaunata. Tun da na shigo take hararata."

"Haba, ba haka take ba."

"To idona ne ya yi mini ƙarya?"

Washegari suka tattara, wai aiki ya taso. Daga nan waya ta fara gajarta, gaisuwa ce da "ya jiki" da "sai an jima".

Idon kuwa ya ci gaba. Da farko ta ce kamar an watsa mata yashi. Sai hawaye ba kuka ba, sai ja da safe. Fatar saman ta ja baya har kana ganin fari a saman baƙin, sannan idanun suka firfito gaba ɗaya. Duk wanda ya kalle ta sai ya ga mace ce da ta zare ido za ta kai duka. Gani ya koma dishi-dishi. In ta ɗaga kai ko ta kalli gefe, abu ɗaya sai ya zama biyu. Na sha ganinta ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi ta damƙi iska a gefensa, sai ta wayance da share tebur.

Da ƙyar na ja ta asibiti, don cewa take gajiya ce. Likitar mace ce, ta lallatsa mata wuya, ta ba ta ruwa ta haɗiya tana kallo, aka ɗebi jini. Da muka koma ta ce wani ɗan nama ne a gaban wuya, tayirod suke ce masa, shi ne in ya kumbura ake kira maƙoƙo. Na Yaya bai kumbura sosai ba, aiki ne yake yi fiye da ƙima, shi ya sa jikin ke ƙuna. Ramar da gumin da rawar hannun, har faɗan, duk nasa ne.

Na ce, "Har faɗan? To likita, a rubuta mata maganin bokiti."

Likita ta yi dariya, Yaya ma ta murmusa. Sai Yaya ta yi tambayar da ta kawo ta.

"Idon fa, 'yata?"

"Ƙwayoyin da zan ba ki za su kwantar da jikin, Mama. Ido kuwa hanyarsa daban yake bi. Naman bayansa ne ya kumbura yana turo shi waje. Sai ya gama ya tsaya, sannan likitan ido ya ga abin da za a gyara."

"Yaushe zai tsaya?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba, yana ɗaukar lokaci."

Aka ba ta maganin ɗigawa da na shafawa, aka ce ta ƙara matashi kanta ya yi sama in za ta kwanta. Kuma tun da idon ba ya rufuwa duka in tana barci, ta riƙa liƙe fatar da filasta kada ya bushe. A hanyar gida ta ce, "Kin ji ko? Na zama kwali, sai an liƙe ni kafin a ajiye."

Ƙwayoyin sun yi aiki. Jiki ya dawo, hannu ya tsaya, faɗan ya tafi kamar ba a yi ba. Yayata ta dawo mini, amma cikin fuskar da ba tata ba.

Ina shanya ranar da abin ya faru. An kawo sabon yaro, tun da uwarsa ta juya baya yake ihu, 'yan matan suka gaji suka miƙa wa Yaya kamar kullum. Ta zauna, ta miƙe ƙafa, ta tallabi ƙeya, ta kawo fuska. Yaro ya buɗe ido. Na san kukan yunwa, na san na kashi, na san na rigima, amma wannan daban ne. Ya sandare, ya ƙwalla ƙara, ya shiɗe har leɓensa ya canza. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta fizge shi ta sa a kafaɗa, nan take ya fara sauka. Yaya tana zaune a ƙasa, hannuwanta biyu a buɗe yadda suke, ba ta ko sauke su ba.

Ta ce yaron ne mai tsoro. Gobe aka yi haka da wani, jibi da wata. Har waɗanda ta rena tun suna tsumma suka koma ɓoye fuska in ta matso. Ta gwada baƙin tabarau, abin ya fi muni, ga shi dabararta ba ta yiwuwa sai yaro ya ga ido.

Sai iyaye suka shigo ciki. Wata ta tsaya a bakin ƙofa, makullin mota a hannu, tana gaya wa Madam, mai gidan rainon, wai waccan matar tana zare wa ɗanta ido, ita da kanta ta gani. Ina riƙe da baho na ji. Zuciya ta ɗebe ni, na dire shi na ce, "Baiwar Allah, matar nan ta share majinar yaran da suka girme ki. Ciwo ne, ba hali ba ne. In ke ya sama haka za ki so a ce?" Ta kalle ni daga sama har ƙasa ta ce ba da ni take ba. Na ce ni da ke nake. Madam ta kore ni bayan gida, kuma da ta bari da na ƙara.

Madam ba muguwa ba ce, amma da yaran take ci. Ta kira Yaya ta ba ta haƙuri, ta ce ta koma wurina tana ninkin kaya har ido ya yi sauƙi. Yaya ta ce to. Tana ninki, kunnenta na ɗakin jarirai. In kuka ya yi tsawo sai ka ga hannunta ya tsaya a kan tawul.

Wata rana hannu ya yi kaɗan, yara uku suna kuka a tare, 'yan matan sun rasa inda za su sa kansu. Yaya ta zari zani a kan igiya ta ce mini, "Zo ki ɗora mini ɗaya ta baya." Ta shiga ɗakin tana kallon bango, ta duƙa, na ɗora, ta ɗaure. Ta yi ta kai da kawowa a lungun da ke tsakanin ɗakin da wurin wanki, tana bubbuga shi a hankali. Kafin in gama ɗauraya ya yi barci.

Haka aikin ya koma. Yaya ta shigo fuska a juye, ta duƙa, a ɗora mata, in ya yi barci a kwance shi a ɗora wani. Madam ta ji daɗi, iyaye suka ji daɗi, sunan ma ya dawo. Ita kanta takan mayar da abin wasa, ta ce bayanta ya fi fuskarta farin jini. Amma ran nan muna ninki ta ce, "Kin san yaran bana ban san fuskar ko ɗaya ba? Daga nesa garara-garara nake gani. In na matso in gani, su yi ihu. Da nauyi nake gane su."

A unguwa abin ya fi ciwo, don a can ba mai ɗora mata kowa a baya. Rana tana kashe mata ido, sai ta wuce mutum ba ta gane shi ba, a ce ta fara girman kai. In ta tsaya ta ƙura ido don ta gane, a ce harara ce. Mai shagon ƙasan bene ya taɓa ce mata, "Mama, lafiya? Na yi miki wani laifi ne?" Yaran da ke wasa a matakala in sun ji takunta sai su watse. Da can da yamma barandarta cike take da matan gida, kowace da ɗanta a hannu, a yi ta hira har a kira sallah. Ɗaya bayan ɗaya suka ɗauke ƙafa, ba da faɗa ba, kowace dai ta samu abin yi. Ta mayar da kujerar ciki, ta saki labule mai kauri, ta cire madubi ta jingina shi yana kallon bango. Abin da nake ji ta bangonmu sai rediyo can ƙasa-ƙasa, da ƙarar almakashi tana yankan filasta.

Nakan shiga in zauna mata, amma ni ma ina da nawa, miji da yara da tukunya. In na tashi tafiya takan ce, "Ja mini ƙofar." Wannan jan ƙofar yana tsaya mini a rai.

A cikin haka aka haifa mata jika, mace. Ta yi kukan murna, ta yi na ciwo, ban iya rarrabewa ba. Ɗan ya ce ta zo, ta ce hanya da nisa, ga aiki, ga ciwon ido. Iyakar abin da ya sani ke nan, ciwon ido, irin na ɗiga magani ya wuce. In ya kira ta inda ake ganin juna sai ta ce wayar ta lalace. Ya yi ta turo hotuna. Ta kai wayar nesa, ta kawo kusa, ta rufe ido ɗaya da tafi, hasken ya sa mata hawaye.

Na ce, "Me kika gani?"

"Na ga tawul. Da wani abu a ciki."

Watanni suka shige, yarinya ta fara zama, ta fara sanin mutane. Sai ga waya, za su wuce ta garinmu a kan hanyar zuwa wani wuri, za su tsaya yini guda su kawo mata ita.

Yaya ta share ɗaki, ta sake sharewa. Ta sa ni na zaɓo mata zanin goyo sabo a kasuwa, mai laushi, na wanke shi don ya saki. Ana gobe za su zo ta kira ni, ta zaunar da ni a gabanta, ta yi ta ƙoƙarin sauke fatar idon kamar mai jin barci.

"Yanzu fa? Da sauƙi?"

"Da sauƙi."

"Ƙarya ba ta yi miki kyau."

Na ce, "Yaya, ki daina wahalar da kanki. Ki gaya musu gaskiya. Ciwo ne, ba sata kika yi ba."

"Zan gaya musu. Babba ana yi masa bayani ya gane. Jaririya fa, da wane baki zan yi mata?"

Sun iso da hantsi. Yaya ta ce in zauna, kada in tafi. Ɗan ne ya fara shigowa da sallama da ledoji, matar na biye, yarinyar kwance a kafaɗarta tana kallon waje. Yaya na zaune bakin gado da baƙin tabarau. Bayan an gaisa ta ce, "Riƙe ta haka, kada ki juyo da ita." Sai ta cire tabarau.

Ledojin suka faɗi daga hannunsa. Ƙaton mutum ya durƙusa a gabanta.

"Mama, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ga shi na gaya maka. Tashi, za ka ɓata wando."

Ta yi musu bayani yadda likita ta yi mata, na cike inda ta tsallake, har da maganar bokiti. Ina kallon matar. Na ga lokacin da abin ya faɗo mata, ta tuna zuwanta na farko. Ta sauka daga kujera ta zauna a ƙasa, yarinya a kafaɗa, hawaye na zuba.

"Mama, ki yafe mini. Wallahi na ɗauka ba kya sona ne."

"Ni ce zan ce haka, 'yata. Na yi miki tsawa a kan taga. Ciwo ne ya sa, amma bakina ne ya faɗa."

Na ce a raina to alhamdu lillahi, an gama da manya. Matar ta share fuska ta ce, "Ga ƙawarki, Mama," ta fara ɗago yarinyar. Hannun Yaya biyu suka miƙe da kansu. Yarinyar ta sha hanya, ta fara ƙananan kuka tana cukuikuye wuyan uwarta.

"Ƙiwa gare ta," in ji uwar. "Ko babanta in ya sa hula ba ta yarda da shi."

Hannuwan suka tsaya. Sai Yaya ta miƙe, ta ɗauki sabon zanin, ta juya ta fuskanci bango ta duƙa.

"Ɗora mini ita."

Ɗan ya ce, "Mama, ki gan ta mana tukuna."

"Zan gani. Ɗora."

Aka ɗora. Ta ɗaure, ta gyara mata ƙafafu, ta fara kai da kawowa daga gado zuwa ƙofa. Yarinya ta yi ɗan ƙorafi, ta kama ɗankwalin kakarta ta ja, ta kama kunne, ta sa bakinta a kafaɗa tana tsotsa. Yaya tana cewa, "Ja, ƙawata, ja, naki ne." Can sai kan ya langaɓe, ta yi barci.

Haka aka yi yinin. Aka ci abinci tana tsaye. Ɗan yana ta lissafin likitocin ido da ya sani a garinsu, zai zo ya ɗauke ta, za a yi kaza da kaza. Tana amsa masa da to, hannunta ɗaya a baya yana tallabe da yarinyar. Ban taɓa ganin fuskarta ta saki haka ba tun da ciwon ya zo. Na matsa na raɗa mata, "Ta yi nisa. Bari in kwance ta in ɗora miki a cinya, ki kalle ta son ranki."

"In an kwance za ta farka. Bari barcin ya ƙara nauyi."

Na jira, na sake cewa. Ta ce in ɗan ƙara. Na gane tsoro take ji, raina ya ɓaci, ba da ita ba, ban ma san da wa ba. Na ce, "Yaya, in ta yi kukan sai me? Yara nawa suka yi kuka a duniya?"

Ta ce, "Na mutane ne. Wannan in ta yi mini irin ihun nan, ina zan kai shi?"

La'asar ta yi, ɗan ya duba agogo ya ce hanya da sauran nisa, ba ya son dare ya same su. Yaya ba ta ce su ƙara ba. Ta je gaban taga ta duƙa, ta sassauta zanin, uwar ta karɓa. Yarinya kuwa ta buɗe ido tar, ba kuka ba komai. Ta kalli fanka, ta kalle ni, ta wage baki tana dariya da 'yan haƙora biyu a ƙasa. Yaya na tsaye ta ba mu baya, tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

"Mama, ga ta tana dariya," in ji ɗan. "Juyo ki gani."

"Ku tafi da ita tana dariyar."

"Mama..."

"Allah ya kiyaye hanya. Ku kira ni in kun sauka."

Ya tsaya kamar zai ƙara magana, na yi masa alama da kai ya bari. Na raka su har mota. Da na hawo na same ta zaune a bakin gado, ba ta mayar da tabarau ba, zanin na kan cinyarta. Bayan rigarta ya jiƙe da gumi da yawun yarinyar. Na tattara kwanuka, na ɗauke ledojin daga bakin ƙofa. Har na kama ƙofa sai ta kira ni.

"Ke kin gan ta da kyau?"

"Na gan ta."

"Da wa ta yi kama?"

Na buɗe baki in ce da babanta, don shi ne amsa mai sauƙi. Amma na ga yarinyar, kuma ba zan iya ba.

"Da ke, Yaya. Goshin, da hancin. Idon ma naki ne sak."

Ta shafa zanin.

"Nawa na da, ko na yanzu?"

"Na da."

"To madalla," in ji ta. "Madalla. Gara da ban juyo ba."

Na miƙa hannu in karɓi zanin in haɗa da wankin gobe. Ta riƙe shi gam, ta ce wannan ba na wanki ba ne.